Daga Kantin Bagirke zuwa Gonar Dogon Dawa

Mai shiga motar haya a Kaduna yakan ce a sauke shi a shataletalen Leventis, mai zuwa sayayya a Sabon Garin Zariya yakan ce PZ za shi, uwargida kuma ta aika a sayo mata fulawar Golden Penny ko man Robb saboda mai mura, ba tare da ɗayansu ya tsaya ya tambayi asalin sunayen ba. Dukansu da hannun Girkawa a ciki. Leventis sunan wani Bagirke ne mutumin tsibirin Saifurus, wanda Larabawa ke kira Ƙubrus. Harafin Z da ke cikin PZ na George Zochonis ne, Bagirken da ya haɗa jari da George Paterson, mutumin Sikotilan, a Firitawun ta Saliyo, suka yi wa kamfaninsu rajista a 1884, suka iso Legas a 1899. Golden Penny kuwa tambarin kamfanin fulawa ne da George Coumantaros ya kafa a Legas a 1960. Amma abin da ya fi waɗannan jan hankali yana can yammacin jihar Kaduna. Birnin Gwari ba ta da unguwar Girkawa, ba ta da cocinsu, amma a Dogon Dawa, kan hanyar da ta tashi daga Birnin Gwari ta nufi Funtuwa, akwai makarantar koyon aikin gona mai ɗauke da sunan Leventis tun ƙarshen shekarun 1980. Kafin sunan ɗan wani ƙauye na kan dutse a gabashin tekun Bahar Rum ya zo ya zauna a wannan ƙasa mai dazuzzuka, an yi tafiyar shekara kusan saba'in, kuma tafiyar ita ce labarin yadda Girkawa suka zauna, suka yi aiki a ƙasar nan.

Ra'ayina shi ne abin da ya riƙe al'ummar Girkawa a Nijeriya ba yawansu ba ne, domin ba su taɓa kusantar yawan Kwara ba, wato mutanen Labanan da Siriya da suka cika Fagge da Kantin Kwari a Kano. Abin da ya riƙe su tsari ne na ubangida da yaron gida: babba ya ɗauko ƙarami daga ƙauyensu, ya koya masa sana'a da hannu, ya gwada amanarsa shekaru a can cikin karkara, sannan ya sakar masa mara. Rayuwar Anastasios George Leventis kanta hujja ce. An haife shi a 1902 a ƙauyen Lemythou, ya bar gida yana matashi zuwa Faransa, ya yi aiki a Marseille, ya koyi ilimin kasuwanci a Bordeaux. A 1920, yana ɗan shekara 18, wani kamfani mai hedkwata a Manchester ya ɗauke shi ya tura shi karkarar kudu maso gabashin Nijeriya. Daga nan sai Abeokuta, daga Abeokuta sai Accra, inda ya kai ga riƙe ragamar kamfanin G.B. Ollivant. Da kamfanin UAC ya haɗiye wannan kamfani a shekarun 1930, sai ya ajiye aiki ya buɗe nasa, kuma a 1942 ɗan'uwansa C.P. Leventis ya buɗe reshen Nijeriya. Mutumin da ya shigo a matsayin yaron kanti ya yi fiye da shekara goma sha biyar yana yi wa wasu aiki kafin ya rubuta sunansa a kan ƙofa. Da ya zama ubangida, shi ma hanyar da aka bi da shi ya bi da na baya: 'yan'uwa da 'ya'yan 'yan'uwa da samarin ƙauyukan Saifurus, ana kawo su ɗaya bayan ɗaya.

Aikin da saurayin ke tararwa ba na ofis mai fanka ba ne. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka buɗe layin ga 'yan kasuwa a 1912, gyaɗa ta zama abin da kowane kamfani ke rububi, sai auduga da fata da ƙirgi. Kanti na wancan zamani baki biyu gare shi: ta nan ana sayen amfanin gona, ta can ana sayar da atamfa da gishiri da kananzir da sabulu da kwanuka, ta yadda kuɗin da manomi ya karɓa a gaban sikeli da hantsi yakan koma aljihun kamfani kafin la'asar. Saurayin da aka tura tashar awo dole ya san gyaɗa mai danshi daga busasshiya, ya gane buhun da aka yi wa algus da tsakuwa, ya iya lissafin kan-ta-waye, ya kuma san wane dillali za a ba kuɗi kafin kaka a kwana da ido rufe. Wannan na ƙarshe shi ne jigon sana'ar, kuma ba a koyonsa sai da harshen mutane. Shi ya sa ɗan kasuwar da ya daɗe a Arewa yakan fi jami'in mulki jin Hausar kasuwa, don shi kuskuren fahimta asara ce da za a rubuta a littafinsa. Yawancinsu gwagware suke zuwa, su kwana a gidan kamfani da ke manne da kanti, su yi wa'adi mai tsawo kafin a ba su hutu, kuma a hutun ne mutum kan koma gida ya yi aure ya dawo da amarya. Zumuncinsu a kan abu kaɗan ya tsaya: harshen Girkanci a kan teburin cin abinci, bikin Ista da suke gasa rago, da ranar waliyyin da mutum ya ci sunansa, wadda suke girmamawa fiye da ranar haihuwa. Cocinsu na ɗariƙar Otodoks yana Legas, ƙarƙashin babban limamin Iskandariya ta Masar. Wanda ke zaune a Kano ko Gusau, kamfani ne gidansa, shi ne danginsa, shi ne kuma majalisarsa.

Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba, domin tsarin zango ke nan. Wanda ya san Sabo ta Ibadan ko zangon Kumasi ya san yadda fataucin shanu da goro ya tsaya a kan maigida da yaransa: shi ke saukar baƙo, shi ke tsaya masa a kan bashi, yaran gida kuma su yi shekaru suna dillanci kafin a ɗaure wa ɗayansu gindi ya tsaya da ƙafarsa. Masanin nan Abner Cohen, a binciken da ya wallafa a 1969 kan Hausawan Sabo, ya nuna cewa riƙe harshe ɗaya da addini ɗaya da ɗabi'a ɗaya shi ne abin da ya sa bashi ke tafiya ɗaruruwan mil ba tare da takarda ko kotu ba. Wanda ya ci amana ba shi da inda zai ɓuya, labarinsa zai riga shi isa gida. Haka Bagirken da ya yi sama da faɗi da kuɗin kamfani a Arewa: ba aikinsa kaɗai ya rasa ba, ya zubar da mutuncin gidansu a ƙauyen da kowa ya san kowa. Bambancin kawai shi ne Hausawa sun gina zangonsu da laka da masallaci da sarkin zango, Girkawa kuma suka gina nasu da littafin akawu da takardar rajista, abin da ya sa nasu ya iya zama kamfani mai hannun jari, ya rayu bayan mutuwar maigida. Mu a nan aka sha barinmu a baya. Gidajen attajirai nawa ne suka watse a rabon gado?

Mai musu zai ce wannan duk ado ne, gaskiyar magana ita ce farar fata ce ta yi musu aiki. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a share ta ba. Saifurus tana hannun Ingila tun 1878 har zuwa 1960, don haka ɗan tsibirin yana shigowa ne a ƙarƙashin tutar masu mulki. Bankin da ke jan ƙafa kafin ya ba Bahaushe rance yakan buɗe wa Bature ƙofa. Jiragen ruwa da lasin shigo da kaya suna hannun ƙungiyar manyan kamfanonin Turai da ake kira AWAM, wadda PZ ke cikinta. Ko Alhassan Ɗantata, duk da ƙarfin jarinsa, ya daɗe yana sayen gyaɗa ne a matsayin wakilin kamfanin Turawa. Bayan kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, manomi ba shi da ta cewa a kan farashi, ribar kuwa ta rabu tsakanin gwamnati da masu lasin saye. Duk wanda ya ci kasuwar gyaɗa a wancan zamani, Bagirke ne ko Bature ko Kwara ko attajirin gida, a kan gumin talaka ya ci. Sai dai gata yana bayyana yadda suka shigo ne kawai, ba ya bayyana yadda suka zauna. Leventis da kansa ya yi suna ne wajen karya farashin manyan kamfanonin, kuma a Ghana ya kasance aminin Kwame Nkrumah tun ana gwagwarmayar neman 'yanci. Ban da haka, gatan ya ƙare a 1960, amma sunayen suna nan. Kamfanonin Turawa da suka fi su gata nesa ba kusa ba, da yawa sun naɗe tabarma, ko sun narke cikin wasu har ba a jin ɗuriyarsu.

Abin da ya raba mai tafiya da mai zama shi ne wanda ya yarda ya binne kuɗinsa a ƙasa. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma ɗan kasuwar da jarinsa duk hajar kanti ce raɓa ne na gaske, rana na fitowa zai ɗauke. Wanda ya kafa masana'anta kuwa ya ɗaure kansa. PZ ya shiga yin sabulu a Aba tun 1948, daga baya a 1975 ya sayi kamfanin Cussons na Ingila. Leventis ya kafa kamfanin lemon kwalba na Nijeriya a 1951, mai yin Coca-Cola. Gidan Mandrides ya shiga matsar man gyaɗa a Kano, Mandilas ya riƙe dillancin motocin Volkswagen, kamfanin Coumantaros kuma ya kai ga niƙa alkama a Kano ɗin ma. Da dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta zo a 1972 a zamanin Janar Gowon, aka ƙara mata ƙarfi a 1977 a zamanin Janar Obasanjo, dole suka sayar da kaso mai tsoka na hannun jari, suka kuma fara ɗora 'yan Nijeriya a kan kujerun da a da sai ɗan gida. Ba don alheri suka yi ba, doka ce ta matsa, kuma na tabbata da ba ta matsa ba da an ƙara shekaru ana jan ƙafa. Amma sun zauna. A kwatanta da Masar, inda Girkawa suka yi yawa a Iskandariya da Alƙahira, da makarantunsu da asibitocinsu da jaridunsu, sai ga shi mafi yawansu sun tashi a shekarun 1950 da 1960 lokacin da Gamal Abdel Nasser ya mayar da dukiyoyi hannun gwamnati. A Khartoum, otal ɗin Acropole da wani gidan Girkawa ya riƙe tun 1952 yaƙin 2023 ne ya rufe shi. A Nijeriya al'ummar ta ƙanƙance, kamfanonin suka yi saiwa, har ƙungiyar ƙwallon Leventis United ta Ibadan ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1985, ta ci gasar ƙasa a 1986.

A daidai waɗannan shekaru ne hankali ya koma gona. Dalar gyaɗa ta Kano ta riga ta baje, bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 da kuɗin man fetur da ya janye samari zuwa birni. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, a 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, aka matsa wa masana'antu su nemi kayan sarrafawa a cikin gida. A.G. Leventis ya rasu a 1978, an kafa gidauniya da sunansa a 1979, kuma reshenta na Nijeriya ya zaɓi abu guda ya riƙe, wato horar da matasan manoma. Makarantar Ilesa da ta Dogon Dawa su ne na farko, daga baya aka ƙara wasu, har da ta Panda a jihar Kano da ta Tumu a jihar Gombe, da haɗin gwiwar gwamnatocin jihohi. Karatun shekara guda ne, kyauta ne, ɗalibai maza da mata suna kwana a makaranta, kuma mafi yawansa a kunya da garke ake yinsa: noman hatsi da kayan lambu, kiwon dabbobi da kaji da zuma, haɗa taki, dashen itatuwa a cikin gona, gyaran ƙananan kayan aiki, da riƙe littafin shiga da fita. Ba a yi ta don a fito a nemi aikin ofis ba, an yi ta don mutum ya koma gonar gidansu ya san abin da ya kashe da abin da ya samu. Duk wanda ya dubi tsarin da kyau zai ga hoton tashar awo ta da: saurayi, wa'adi, aiki da hannu, lissafi. Tarbiyyar da aka daɗe ana keɓe wa ɗan ɗan'uwa daga Saifurus ce aka buɗe wa ɗan manomin ƙasar Hausa da Gwari.

Zaɓen Birnin Gwari ma akwai hikima a ciki. Ƙasa ce mai ruwan sama da yalwar fili, masara da dawa da waken suya na yi sosai, kuma hatsinta na ciyar da kasuwannin Kaduna da Funtuwa da ma nesa da nan. Ita ce kuma ƙasar da gona da daji ke goga kafaɗa. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Inda manomi bai san yadda zai farfaɗo da gajiyayyar gona ba, abin da ya rage masa shi ne ya sari sabon daji, ya ƙone, ya shuka, bayan 'yan shekaru ya ƙara gaba, mai gawayi da mai katako na biye da shi. Koya wa mutum yadda zai ci gona ɗaya shekara ashirin, ya bar ɗorawa da kaɗanya a tsaye a cikinta, kare daji ne ta hanyar da mai gadi da bindiga ba zai iya ba. Gidan Leventis sun daɗe da wannan sha'awa ta daji da namunsa, shi ya sa ma cibiyar binciken tsuntsaye da ke dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, take ɗauke da sunan A.P. Leventis.

Saura ƙorafi mafi nauyi. Za a ce mene ne makarantar shekara guda idan aka auna ta da dukiyar da ta fita? Kamfanin lemon da aka fara a Legas shi ne tushen Coca-Cola HBC, katafaren kamfani mai hedkwata a Suwizalan, wanda ake cinikin hannun jarinsa a Landan, kuma gidauniyar Leventis ta kashe maƙudan kuɗi a kan gidajen tarihi da jami'o'i a Saifurus da Girka da Ingila. Idan aka ɗora wannan a sikeli, Dogon Dawa ba za ta motsa allura ba. Ban ga amfanin musanta haka ba, kuma wanda ya kira makarantar biyan bashi ya yi wa manomin gyaɗa rashin adalci, domin bashin ya fi ta girma. Inda na saba da masu ƙorafin shi ne ma'aunin da suka ɗauka. Ba da abin da ya fita za a gwada ta ba, da abin da wasu suka bari za a gwada ta. An haƙi zinariya a ƙasar Birnin Gwari tun zamanin Turawa, ana kuma haƙa har gobe. An kwashi katako, an kwashi gawayi, an kwashi hatsi tirela-tirela, kuma mafi yawan masu kwasar 'yan ƙasa ne, wasunsu masu sallah a sahun gaba. A nuna mini makarantar da ɗayansu ya gina ya kuma riƙe shekara talatin. Attajiranmu ba marowata ba ne, suna gina masallatai, suna rabon hatsi da azumi, suna biya wa mutane Makka, amma kyautar da ke bin ran mai ita takan mutu tare da shi. Ta Leventis ta fara ne bayan mutuwarsa, domin an rubuta ta, an ware mata dukiya, an naɗa amintattu. Musulunci ya ba mu waƙafi tun kafin a san wani abu wai shi gidauniya, sai dai mun bar shi a cikin littattafan fiƙihu.

Duk da haka ba zan ce makaranta na iya abin da ya fi ƙarfinta ba. Fiye da shekara goma ƙasar Birnin Gwari tana fama da 'yan bindiga da suka mayar da dajin nan mafaka, ga 'yan Ansaru a gabashinta, wato ɓangaren da Dogon Dawa take. An tashi ƙauyuka, an sa wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi, hanyar Kaduna da ta Funtuwa suka zama sai da rakiya ko da addu'a. Saurayin da ya koyi haɗa taki da lissafin riba ba shi da inda zai gwada iliminsa idan gonar tasa tana bayan layin da ba ya isa ya tsallaka. Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a watan Nuwamba na 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, ya dawo da motocin hatsi da na shanu kan hanya, manoma da dama kuma sun koma gonakin da suka bari suka zama saura. Irin waɗannan gonaki, da ciyawa ta cinye kuma babu shanun huɗa domin an sace, su ne suka fi buƙatar wanda ya san yadda ake tayar da ƙasa da ɗan abin hannu. Gidauniya na iya kawo malamai da tsarin karatu. Tsaron hanyar Funtuwa, da kason da ya hau kan gwamnatin jiha na riƙe makarantar, da ɗan jarin da ɗalibi zai fara da shi ranar da ya koma ƙauye, waɗannan suna hannun Kaduna da Abuja da masu kuɗin Birnin Gwari.